Yaya Rabi da Abin da Mashaƙo Ya Bari

Ina Arfa muna dafa wa mahajjata abinci, Malam Sule direba ya zo ya tsaya a bakin tanti, ya kasa haɗa ido da ni. Can ya ce, "Hajara, sai haƙuri. Yaya Rabi ta cika jiya da la'asar, har an yi mata salla a Harami." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a ƙasa da ludayi a hannuna.

Ba mu haɗa jini da ita ba. Da ƙafa ta taso daga Kano, ta binne mijinta a Sudan, ta haye teku da ɗanta Habu. A unguwar Mansur na same ta tana sayar da waina, lokacin da aka rushe ɗakin da nake haya don faɗaɗa Harami. Ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama, ga mijina yana leburanci a Jidda. Na fara ba ta labarina, ta katse ni: "Ci tukuna, magana ba ta gudu." Ta raba ɗakinta biyu da zane, ta ba ni rabi. Takan ce, "A garin nan, duk wanda ya amsa mini da Hausa ɗan ɗakinmu ne."

Bayan azumi mashaƙo ya kama 'yata Binta. Wuyanta ya kumbura, numfashinta yana ƙara. Maƙwabta suka janye 'ya'yansu. Yaya ta dube ni ta ce, "Ke mai goyo ce, fita da jaririn nan. Bar mini Binta." Ita ta goya ta zuwa asibiti, alhali ita ma ba takarda gare ta ba, kuma ta san ana iya kama ta. Binta ta tashi, Yaya ta kwanta.

Maƙogwaronta ya warke, muka yi hamdala, har ta koma bakin tanda. Bayan 'yan makonni muryarta ta koma ta hanci. In ta sha ruwa sai ya dawo ta hancinta. Ta daina ganin ramin allura. Daga nan ƙafafu suka ƙi ɗaukarta, hannuwa suka bi. Likita ya ce dafin cutar ne ya kama jijiyoyi, wasu kan warke in bai kai ga ƙirji ba.

Ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba. Abu ɗaya ya sa ta kuka, wato yadda Fatiha ta daina fita daidai a bakinta. Ta tambaye ni, "Hajara, Zai karɓa a haka?" Na ce Zai karɓa, Yaya.

Da aikin Arfa ya zo na ce ba ni zuwa. Da ƙyar ta haɗa kalmomin: "Tafi, yaran nan me za su ci?" Habu ya ce bayan tafiyata numfashi ya riƙa yi mata nauyi har ya tsaya.

Ya Allah, baiwarka Rabi ta zo ɗakinka da ƙafarta. Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka sa jinyarta ta zama kaffara. Ka ba Habu haƙuri, Ka tsare shi a ƙasar da ba shi da kowa sai Kai. Ka raya Binta ta san wadda ta goya ta. Amin.