Mai Karatu da Hannu a Layin Magani

Yarinyar da ke gabana a layin karɓar magani, a wani asibiti a garin Nausori, ba ta wuce sha biyar ba. Kayan makaranta ne a jikinta, an rubuta sunanta, Salanieta, a jakarta. Na'urar ji ɗaya ce a kunnenta, an naɗe ta da salatif.

Mai ba da magani yana magana ta cikin takunkumi, ita kuma tana neman leɓen da ba ta gani.

"Ke 'yar nan, maganin na mamarki ne? Rabi na ce, rabin ƙwaya!"

Takardar maganin take bi da yatsa, tana siffanta kowace kalma cikin yaren kurame da ɗayan hannun, a ɓoye. Can hannun ya tsaya a wata doguwar kalma, ya sake gwadawa, ya kasa. Ina jin ita ce mai karatun gidansu, kuma babu wanda za ta tambaya a can.

"Kin gane?"

Ta gyaɗa kai da murmushin wadda ta gaji da riƙe wa mutane layi, ta fita. Ni da na ji komai, ban motsa daga layina ba.