Allura Ta Ji Kukan Farko

Ni na sa mata suna Allura, tun ba ta iya zura zare ba. Siririya ce, bakinta kuma da tsini. 'Yar ƙanena ce, a hannuna ta girma, saboda haka abin da zan faɗa a kanta ba jita-jita ba ne.

Shagonta ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da mai kitso. Akwai keken ɗinki na ƙafa, da teburin yanka, da madubin da ya tsage a kusurwa, da benci inda nake zama ina hana ta aiki da surutu. Tana da wata ɗabi'a da kowa ya sani. Duk rigar da aka miƙo mata, ba ta kallon fuskarta. Juya ta take yi, ta bi ɗinkin ciki da farce, ta ja nan ta ja can. Takan ce, "Fuskar riga ta mai saye ce, cikinta na tela ne." Ranar da wani direban bas ya fara zuwa zance wurinta, kafin su gama gaisawa ta naɗe bakin hannun rigarsa ta duba, ta ce, "Wa ya cuce ka haka?" Duk da haka ya aure ta. Har yau ina ganin ƙoƙarinsa.

Haihuwarta ta fari ba ta zo da sauƙi ba. Yarinyar a zaune ta zo, kuma numfashin uwa da na 'ya ya fara rikicewa, sai aka yi gaggawar yi mata allurar barci aka yi aiki. Aka ciro 'ya lafiyayya, wadda muke kira Maɓalli saboda hancinta. Lokacin da Allura ta farfaɗo, an riga an wanke yarinyar, an naɗe ta, uban ya ɗauka, ni na ɗauka, har mai shara ta leƙa ta sa albarka. Kowa yana ba ta labarin irin ihun da 'yarta ta yi da fitowa. Ta yi dariya tare da mu, amma na san ta. Rashin jin kukan nan da kunnenta ya dame ta. Shekaru suka wuce, in aka tayar da hirar sai ta danna keke da ƙarfi, ƙararsa ta rufe bakin mai magana.

Da ta sami ciki na biyu, Maɓalli har ta shiga makaranta. Wata rana da hantsi ina kan benci, ta ce ba tare da ta ɗago kai ba, "Gwaggo, wannan ni zan fara jin kukansa."

Na ce, "Allah ya nufa. Kin fara zuwa awo?"

Mai kitso ce ta amsa daga bakin ƙofa, tsinke a hannu. Ita dai ba a hira a titin nan ba da ita ba. Ta ce ai ta ga tabon aikin da aka yi wa Allura, a tsaye yake tun daga ƙasan cibiya, kuma kowa ya san mai tabon tsaye ba a barinta ta yi naƙuda, da ta taka asibiti sai wuƙa. Dabarar da suka ƙulla su biyu ita ce, Allura ta zauna a gida har sai kan ɗa ya kusa fitowa, sannan a tafi, lokacin babu damar yanka.

Na dubi mai kitso na ce, "Ke kan mutane kika sani, shi ma daga waje. Koma bakin aikinki." Na juya kan tawa na ce, "Ke kuma ɗauko mayafinki. In mahaifa ta yage a ɗakinki, da wane zare zan ɗinke ki? Da ruwan hoda ko da shuɗi?"

Ta yi gunaguni har bakin asibiti, amma ta je.

Likitar mace ce gajera, mai gilashi a kan hanci, ba ta da gaggawar magana. Ta sa Allura ta kwanta, ta duba, ta tambaye ta sana'arta. Allura ta fara zuba: ita ta san ɗinki, ta san na tsaye ba ya jure ja, ta san abin da za a ce mata, kada a wahalar da ita.

Likita ta ce, "Malama tela, in na kawo miki riga mai shafi a ciki, daga fuska kike gane yadda aka ɗinka shafin?"

Ban taɓa ganin bakin Allura ya mutu ba sai ranar. Ni kuwa na yi dariya har ma'aikaciyar jinya ta leƙo.

Likita ta yi bayani a hankali. Tabon fata daban, yankan da aka yi wa mahaifa daban. Sau da yawa a yanka fata a tsaye saboda gaggawa, a yanka mahaifa a kwance daga ƙasa, kuma na mahaifar shi ake dubawa. Ta aika aka ɗauko bayanin aikin farko, tun da a nan aka yi shi, ta karanta, ta ce a kwance ne. Ta ce aiki ɗaya aka taɓa yi mata, an sami tazara mai kyau, kuma dalilin wancan aikin zaman da yarinya ta yi ne, ba ƙanƙantar ƙugu ba. Idan hoto ya nuna wannan ya juyo da kai, mabiyiya ba ta tare hanya ba, to za a bar ta ta gwada.

"Amma gwaji ne, ban yi miki alkawari ba," in ji ta. "Mafi yawan mata irinki suna haihuwa da kansu. Kaɗan ne tabon ke buɗewa, amma in ya buɗe ba ya jira. Don haka a nan za ki yi naƙudar tun daga farkonta, kusa da ɗakin tiyata. Kada ki sha komai don saurin naƙuda. In na ce a shiga aiki, ba gardama."

Allura ta ce, "In an shiga, barci kuma?"

"In da hali, rabin jiki za mu kashe, ki ji komai da kunnenki."

A hanya ta ce, "Gwaggo, kada ki gaya wa kowa maganar shafin nan." Kafin la'asar na gaya wa titin duka.

Daga nan ta zama sarauniyar awo. Takan tafi da tef ɗinta a wuya, ungozoma ta auna cikin, ita ma ta auna, su yi musu. Mijinta Direba kuwa ya daina ɗaukar doguwar tafiya, ya koma zagayen cikin gari, yana bi ta ƙofar shago yana danna oda. Ta ce masa, "In ka ƙara, a motarka zan haihu, ka wanke kujera da kanka."

Naƙuda ta kama ta da safe tana tsakiyar yanka yadi. Ta ajiye almakashi, ta ce, "Gwaggo, mu tafi." Ba sai na roƙa ba. Aka ɗaura mata na'urar sauraron bugun zuciyar jariri, likita tana shiga tana fita. Da rana ta yi tsaka abin ya tsaya cik, na ga likita ta dubi ungozoma, na ga an turo gadon tiyata an ajiye a bakin ƙofa. Allura ma ta gani. Ba ta yi gardama ba. Cewa ta yi, "Likita, in yankan ne, a yi. Kunnena kawai a bar mini." Likita ta saurari bugun, ta taɓa tabon, ta ce duka lafiya, a ƙara ɗan lokaci.

Can sai abin ya dawo da ƙarfinsa. Ta zagi Direba, ta zagi motarsa, ta murɗe mini hannu har yau yatsana yana tuna mini. Ungozoma na cewa yunƙura, ni ina cewa yunƙura, sai ga yaro ya faɗo hannu. Kafin kowa ya buɗe baki Allura ta daka tsawa: "Kowa ya yi shiru!"

Muka yi tsit. Yaron ya ja iska, ya tsala ihu.

Ni dai kuka ne irin na kowane jariri, kamar an take wutsiyar mage. Ita kuwa ta rufe ido tana saurare har ya gaji don kansa, sannan ta ce, "To, yanzu ku yi magana."

Ta ɗan ƙaru, sai da ungozoma ta yi mata ɗinki kaɗan. Tana kwance, ɗa a ƙirji, ta ce, "Yaya, kada ki ja zaren da yawa, zai tattare." Ungozoma ta ce in ta iya ta tashi ta karɓi allurar.

Yanzu ta koma shago, yaron yana kwance a kwando gefen keke. Mai kitso ta fi kowa ɗaukarsa, tana cewa ai ita dama ta san za a haihu lafiya. Duk wadda ta kawo ɗinki, sai ta ji labarin kukan nan kafin a auna ta, kuma Allura da kanta take kwaikwayonsa. Ba ta iya ba ko kaɗan. Ba mai gyara mata, don a wannan karon ita ce ta fara ji.