Gardamar Baba da Mai Haraji

Mahaifinmu bai taɓa biyan haraji cikin daɗin rai ba. Yana da injin ɓarar gyaɗa a Ajingi da shagunan haya a Gaya, kuma duk shekara bayan kaka wani dattijo ma'aikacin haraji kan zo a kan babur. Da Baba ya hango shi sai ya ɓata fuska, ya ce injin ya tsufa, kasuwa ta mutu. Shi kuwa dattijon ya nuna tarin ɓawon gyaɗa a bayan injin, ya tambaya ko daga sama ya faɗo. Haka za su yi ta cacar baki har la'asar, su sha fura a ƙwarya ɗaya, sannan Baba ya biya yana mita.

Da ɓarin jikin Baba ya shanye, magana ta ɗauke, alƙali ya naɗa ni waliyyinsa tunda ni ne babban ɗa. A nan na san ciwo ba ya sauke wa mutum haraji. Muddin injin na juyawa, kuɗin haya na shigowa, da sunansa za a biya, hannuna ne kawai zai miƙa. Ƙannena suka ce a sayar da injin a huta. Na ce a dakata tukuna, ko ni ban san dalili ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda kowa ya koma lallaɓa shi. Mutumin da in ya yi gyaran murya gida ke yin tsit, sai ga shi ana tsayawa a kansa ana tambayata yaya mai jiki, kamar ba ya wurin. Ya daina kallon mutane, fura ma sai da magiya.

Da kaka ta zagayo dattijon ya zo. Na nuna masa takardar kotu, na ce da ni zai yi magana yanzu. Ya duba, ya amsa da to, amma ya wuce ni ya zauna a bakin tabarmar Baba a zaure.

"Alhaji, an ce ka daina magana. To bana da wane baki za ka ce injin ya tsufa?"

Raina ya ɓaci, har na yunƙura in tashe shi. Sai na ga Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiyar yana kaɗawa, yana gurnani. Musu yake yi. Dattijon ya ce bai yarda ba, da idonsa ya ga ɓawon. Baba ya bugi tabarma. Ni na sa hannu daga baya, amma sai da suka kai la'asar, kuma ranar Baba ya sha fura ba tare da an roƙe shi ba. Ba a sake yi mini maganar sayar da injin ba.

Haka muka yi ta yi har daminar da Baba ya rasu. Ina kewar wannan rigimar fiye da yadda zan iya faɗa.

A rabon gado injin ya faɗo a kasona. Bayan kaka dattijon ya zo, ya yi ta'aziyya, ya faɗi abin da zan biya. Na miƙa masa nan take. Ya riƙe a hannu, ya daɗe yana kallon inda tabarmar take a da.

"Haba ɗan Alhaji, ko sau ɗaya ba za ka ce injin ya tsufa ba?"

Na shiga gida na kawo mana fura a ƙwarya ɗaya.