Umarun Fagada Guda Biyu

Har gobe ba zan manta da ranar da na kai ƙarar kwamfuta wurin Sakatare ba.

Lokacin jihar Kebbi ba ta daɗe da kafuwa ba. Ina aiki a sito na wata ƙungiyar manoman albasa a Aliero. Ban yi boko ba, matsayina masinja. Amma idan rabon taki ya zo, ni ne mai shaida. Manomi ya taho daga Jega ko Maiyama, sai na ce na san shi kafin a ba shi. Shekaru ana haka. "A kira Ɗanjuma," ita ce maganar da ta fi yawa a bakin Sakatare.

Sai aka kawo kwamfuta, aka ɗauko Malam Nasiru ya kula da ita. Aka ba shi ɗaki mai fanka. Ni aka ce in riƙa tayar da janareto.

Ga yadda aikin yake, kamar yadda ya nuna mini. Sunayen manoma duka suna wuri ɗaya, rumbun bayanai. Shi ya rubuta manhaja, wato 'yar aike. A buga suna da gari, ta tambayi rumbu, ta dawo da amsa: wane ne, an ba shi ko ba a ba shi ba. Aikina ke nan, sai dai ita ba ta zuwa salla. Aka daina kirana. Manoman da na sani tun suna goye suka koma gaida Nasiru.

Farkon rani, wani Umaru daga Fagada ya zo. Manhaja ta ce ya karɓa. Ya rantse bai karɓa ba. A wajenmu mutum da sunan garinsa ake kiransa, kuma Umarun Fagada biyu ne a ƙungiya. Rumbu ya kawo su duka, manhaja ta ɗauki na farko ta watsar da na biyu.

Raina ya yi fari. Na shiga ofishin Sakatare ban ko cire takalmi ba.

"Ranka ya daɗe, injin ga ya hana talaka haƙƙinai. Wanda ya amshi takin ɗan Liman ne, wanga ɗan Maƙeri."

Aka kira Nasiru. Na gyara tsayuwa in ga an yi masa faɗa. Ya duba, ya dube ni.

"Gaskiyarka, Baba. Laifina ne, ba na inji ba. Ni na ce mata ta ɗauki na farko."

"To a rufe ta mana," na ce.

"A'a, gyara za a yi. Allah shi saka maka."

Kafin la'asar ya gyara. Yanzu in amsa ta fi ɗaya, duka take nunawa, da sunan uba da unguwa, a zaɓa. In ba ta samu kowa ba, ta faɗa, ba ta ƙaga. Umaru ya ɗauki takinsa ya yi wa Nasiru addu'a. Ni ko kallo ban samu ba.

Wata bai ƙare ba aka mai da ni ƙofa, gadi. Can na yi ritaya.

Ku na baya, ga abin da na gani. Inji amsar abin da aka tambaye shi yake kawowa, sauran na mai tambaya ne. Kuma mutumin da za ka nuna wa kuskurensa ya gode maka, ba za ka iya kayar da shi ba. Na gwada. Rami ɗaya ya rage masa, ni na nuna masa shi ya cike.