Irin Geron Baba

Damina ta uku ke nan ba mu yi shuka ba, tun da 'yan bindiga suka tashe mu daga ƙauyenmu na wajen Kurawa muka dawo Sabon Birni, mu tara cikin ɗaki biyu na aro. Makarantar da nake koyarwa an rufe ta. Don kada in haukace, na duƙufa kan wani labarin ƙasar Sin da wani abokina ya turo mini a waya, littafi huɗu, fassarar Turanci.

Mutane ne duniyarsu ta lalace, suka shiga wani ƙaton jirgi suka nausa cikin taurari da irin shukarsu, tafiyar shekara dubu. Marubucin ya iya ƙirƙira, ban ƙi ba, har na kan manta ban ci komai ba. Amma wallahi ya ba ni haushi. Shafi bayan shafi yana kwatanta inji, ko sau ɗaya bai nuna mini uwar da ɗanta ke kukan yunwa a ƙofar rumbun irin nan ba. Ƙoshi ke damunsa.

Mu namu irin yana rataye saman gadon Baba, dami guda na zaɓaɓɓun zangarnu, geron da ya gada daga kakansa. Ranar gudu shi ya fara ɗauka, kafin takalminsa. Matata ta same ni ta ce kwana uku rama kawai yara suke ci, ƙaramar ma ta daina kuka, kallo kawai take. Na yi wa Baba magana, ya ce ba a taɓa cin iri a gidansu ba, kuma ba a kansa za a fara ba.

A jirgin nan sukan gwada iri cikin jiƙaƙƙen ƙyalle su ga ko yana da rai. Na ce masa za ni gwada, in ya mutu mu ci, in yana da rai mu bari. Ya yarda. Na naɗe ƙwaya goma, kuma Allah Ya gani, addu'a nake kada su fito. Kwana uku na buɗe, duk goman sun tsiro, farare tas. Na tura ƙyallen aljihu, na je na ce masa ko ɗaya bai yi ba.

Bai ce in nuna masa ba. Ya miƙe ya murje ƙwaya guda ya sa a haƙori ya fasa, yadda yake yi kowace bazara in zai gane lafiyar iri, ya daɗe yana dubana. Na so ƙasa ta tsage.

"To, tunda kai ka yi karatu," ya ce. "A sussuke."

Da la'asar aka tuƙa tuwo, yara suka ci har suna lasar kwano. Baba ya mayar da nasa bai taɓa ba, ya ce a ƙara wa ƙaramar.