Kunnen Gambo Mai Koyil

Shekara talatin da ɗaya Gambo ya yi yana gyaran injunan lantarki a wani ɗan shago da ke kan hanyar tasha a Gwarzo. Na san shi tun ina koyarwa, domin shi yake gyara mini fanka, kuma sau biyu yana tayar da injin ruwan makarantarmu bayan kowa ya fid da rai. Wani ɓangare na wannan labari na gani da idona, sauran kuwa shi ya faɗa mini bayan abin ya wuce.

A Durun aka haife shi, cikin gidan manoma. Yana ɗan shekara goma sha bakwai ya tafi Kano, inda ya shekara bakwai yana koyon naɗin koyil, wato wayar jan ƙarfe da ake naɗawa a cikin inji domin wuta ta juya shi. Da ya dawo, masu sana'ar ba su da yawa a yankinmu, amma ba ƙarancinsu ne ya fito da sunansa ba. Kunnensa ne. Yakan ɗora bakin sukudireba a jikin inji, ya kara ƙotar a kunnensa, ya rufe ido. Kafin a kwance ko noti ɗaya sai ya ce, "Kondensa ce ta gaji," ko kuma, idan 'yan ƙwallayen ƙarfen da inji yake juyawa a kansu ne suka cinye, ya ce, "Boris ne, ku bar koyil ya huta." Da wuya a buɗe a tarar da saɓanin haka.

Yana da wata ɗabi'a guda da ban taɓa so ba. Yawancin injunan nan suna da jan maɓalli wanda yake tasowa ya yanke wuta idan inji ya fara zafi. Idan Gambo yana gwaji, sai ya danne shi ya tokare da tsinken ashana, don kada ya katse masa sauraro. Wata rana na yi masa magana a kan haka, ya yi dariya ya ce, "Malam, kunnena ya fi maɓallin nan sauri."

Kunnensa na dama ne ya fara daina ji, na hagu ya bi shi cikin shekara biyu. A asibiti a Kano aka gaya masa cewa ƙarar injuna ce ta cinye jijiyar, kuma ba za ta dawo ba. Bai gaya wa kowa ba sai matarsa. Ya koyi kallon leɓen mai magana, ya koyi amsa gaisuwa bisa jerinta ko da bai ji ba. Sai dai inji ba shi da leɓe. Ya fara kuskure, masu kawo aiki suka riƙa janyewa ɗaya bayan ɗaya, suna cewa tsufa ne. Zuwa damanar bara, mutum ɗaya ne ya rage wanda ba ya kai injinsa ko'ina sai wurinsa: Haladu mai walda na Garo, wanda duk inda aka zauna yakan ce ba a yi kamar Baba Gambo ba. Gambo ya san cewa ranar da Haladu ya gane, sana'arsa ta ƙare.

Haladu yana da injin iska a gidansa, mai babban tanki, wanda yake fesa wa ƙofofi fenti da shi. Wata Talata da hantsi ya zo a babur ya ɗauki Gambo. Bayan sun gaisa da mutanen gida, an tambayi iyali da ruwan bana da hanya, Haladu ya kai shi tsakar gida inda injin yake ƙarƙashin rumfa.

"Baba, ka ga mutumin naka," in ji Haladu. "Sai ya yi ta gurnani kamar rago a turke, ba ya juyawa, can sai maɓallin ya taso. Ga ƙofofi takwas sun zuba mini ido."

"Rago ai da yunwa yake kuka," in ji Gambo, yana kallon bakinsa. "Me ka hana shi?"

"Wallahi har mai na canja masa. Ya fi ni cin daɗi a gidan nan."

Gambo ya zare wuta, ya saki iskar tankin gaba ɗaya, ya buɗe murfi. Kondensar, wato ɗan gwangwanin da yake ba inji ƙarfin tashi, ta ɗan kumbura. Ya ji daɗi, domin wannan ciwo ne da ido yake gani. Ya sa sabuwa, ya kunna. Injin ya tashi lafiya, ya cika tanki, ya tsaya da kansa.

A nan ne ya kamata ya saurara. Irin wannan inji, duk lokacin da ya tsaya, akwai wani ɗan bawul da yake sakin ragowar iskar da ke cikin bututu, a ji wani gajeren tsaki. Idan bawul ɗin ya toshe, iskar takan danne injin, ya kasa tashi a karo na biyu. Gambo ya san wannan tun yana saurayi. Bai ji tsakin ba, amma ba shi da hanyar sanin ko babu shi ne, ko kuwa shi ne bai ji ba. Tambaya ɗaya ta isa. Ya dubi Haladu, wanda yake murmushi yana cewa, "Na gaya musu, hannunka daban ne," sai ya haɗiye tambayar.

Haladu ya ja tiyo zuwa ƙofar gida ya fara feshi. Da iska ta ragu, injin ya nemi tashi ya kasa, maɓallin ya taso. Gambo ya ce a ransa ko dai maɓallin ne ya gaji, ko wutar ce ba ta da ƙarfi. Ya kashe daga bango, ya tokare maɓallin da tsinken ashana kamar yadda ya saba, ya koma wurin soket ya kunna, ya kafa mitarsa yana kallon allura. Ya ba injin baya.

Murja, matar Haladu, tana wanke-wanke a gefe. Ta ji gurnanin ya ƙi ƙarewa. "Baba, yana kuka!" ta ce. Bai juya ba. "Baba Gambo, kashe shi!" Ta faɗa har sau uku, na ukun da ƙarfin da ya sa Haladu ya jefar da tiyo ya shigo da gudu. Shi kuwa Gambo yana tsugune, yana nazarin allura. Hancinsa ne ya sanar da shi. Ya san warin ƙonannen koyil fiye da kowa a ƙasar Gwarzo da Kabo.

Da hayaƙin ya lafa, Murja ta ce wa mijinta, "Ni dai tun makon jiya na lura ya daina wannan atishawar da yake yi idan ya tsaya." Gambo yana kallon bakinta, ya karanta kowace kalma.

Haladu bai yi faɗa ba. Ya matso kusa da kunnensa, ya ɗaga murya ya ce, "Baba, ba komai. Tashi in mayar da kai." Gambo ya gaya mini cewa da zaginsa ya yi, da ya fi masa sauƙi, domin wannan ne karo na farko da wani ya ɗaga masa murya don ya ji. Ya ce wa Haladu ya bar masa injin ya sake naɗa shi. Haladu ya sunkuyar da kai ya yi godiya, washegari kuma aka ɗora injin a mota zuwa Kano.

Kafin Juma'a labari ya gama tasha. Ba wanda ya yi masa ba'a. Masu wucewa dai suka koma gaishe shi da ihu da ɗaga hannu, kuma ba wanda ya sake sauke inji a ƙofar shagon. Har yanzu yana buɗewa kowace safiya, ya share, ya jera kayan aikinsa, ya zauna har la'asar.

A watan jiya na ɗauki fankata, wadda babu abin da ya same ta, na kai masa. Ya kunna ta, ya ɗora tafin hannunsa a bayanta, ya daɗe a haka. Sannan ya kashe, ya naɗe wayar da kyau, ya miƙo mini.

"Lafiyarta ƙalau, Malam," ya ce. "Kada ka sake kawo ta."