Ranar da Kawu Ya Ce Ni Inji Ne

Ko zan manta komai na karatuna, ba zan manta abin da ya faru da ni a Maigatari ba. Wajen ƙarshen shekarun saba'in ne, ina ajin ƙarshe a jami'a. Malaminmu ya dawo daga Turai da kaset na wata murya da kwamfuta ta haɗa, tana gaisuwa da Hausa. Ni ma na ɗauki tawa muryar ina faɗin kalmomin. Aikina shi ne in kunna wa mutane su faɗi wacce ce ta mutum, wacce ce ta inji. In ban kawo sakamako ba, sai maimaita shekara.

Na sauka gidan kawuna, dillalin shanu, wanda ya raine ni. Ya tara mini abokansa dattawa a zaure, ina shigo da su ɗaya bayan ɗaya.

Rikoda ta ce, "Ina kwana?" Tsoho ya gyara zama ya soma, "Lafiya lau, alhamdu..." Kafin ya ƙarasa, kaset ya zarce da "Ina gajiya?" Sai ya ɗaure fuska. Kowa na tambaya, amsa ɗaya ce: duka biyun inji ne.

Na ce bari in gwada Kawu, ai shi ya san muryata tun ina yaye. A gabansu ya saurari tawa muryar, ya ce inji ne.

"Haba Kawu! Ni ne fa!"

"Kai wa? Ɗan da na raina ba zai gaishe ni ya wuce bai jira na amsa ba."

Zauren ya kwashe da dariya, ni ma na bi su. Ashe ba murya suke aunawa ba, tarbiyya suke aunawa.

Na sake naɗar muryoyin biyu, na bar shiru mai tsawo bayan kowace gaisuwa. Washegari suka amsa son ransu, har da tambayar iyali, sannan suka kasa kunne. Kawu ya ce, "Wannan ɗana ne. Wancan kuwa bawan Allah mura yake, a ba shi citta."

Da wannan na ci jarrabawa. Na koyi cewa mutum ba ya ajiye al'adarsa a ƙofa don za ka gwada kunnensa. Kawu ya daɗe da rasuwa, amma har yau in na gai da mutum, ko a waya ne, sai na tsaya ya gama amsawa.